Makokin Baffa da Goron Aurena

Labarin rasuwar tsohon shugaban ƙasa ya same ni ne a cikin trotro, motar haya, ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa a unguwar Buokrom, cikin Kumasi. Direba ya ƙure muryar rediyo. Wata mata a kujerar baya ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, wani dattijo kusa da ni ya ce shi ba zai yarda ba sai ya ga akwatin gawa. Ni kuwa, ba don rashin tausayi ba, abin da ya fara faɗo mini a rai goro ne.

Goron neman aurena nake nufi. A makon ne Inna ta sayo shi a kasuwar Kejetia, kwando guda, fari da ja, ta lulluɓe shi da ganye ta tura ƙarƙashin gadonta, safe da yamma tana yayyafa masa ruwa. An riga an tsayar da magana cewa ranar Lahadi Baffa zai kai shi gidan Alhaji, a nema mini auren 'yarsa. Baffa yayan mahaifina ne, kuma tun da mahaifina ya rasu ina sakandare, shi ne uba a gidanmu. In bai ɗauki goron nan ba, babu mai ɗauka. Ko an samu mai ɗauka ma, Alhaji ba zai karɓa ba, zai ce an raina shi.

Gabana ya faɗi ne don na san su duka biyun, kuma zaɓe saura 'yan makonni.

Baffa tsohon direban babbar mota ne, mai ɗauko kaya daga arewa zuwa Kumasi. Yana cewa wata shekara da damina motarsa ta kafe a taɓo da lodin doya, sai ga motocin shugaban ƙasa. Shugaba ya sa aka tsaya, ya fito, ya naɗe hannun riga, ya sa kafaɗa aka tura. Ban ga wannan da idona ba, ba a ma haife ni ba, kuma dole in ce labarin yana ɗan canzawa. Wani lokaci doya ce, wani lokaci shanu. Wani lokaci shugaban da sojojinsa ne suka tura, wani lokaci shi kaɗai. Amma ban taɓa cewa ƙarya ne ba, yanzu ma ban ce ba. Tun daga ranar dai Baffa bai sake dangwala wa wata jam'iyya ba sai ta mutumin nan.

Alhaji kuwa shagon kayan masarufi gare shi a Kejetia. Nasa labarin ba ya canzawa. A zamanin da marigayin yake mulki da kakin soja, wasu sojoji suka shigo shagonsa suka ce ya ɓoye kaya, suka fito da sabulu da madarar gwangwani suka sayar wa jama'a yadda suka ga dama, shi yana tsaye yana kallo. Don haka duk jam'iyyar da ke gaba da ta marigayin, ita ce tasa.

Layinmu ɗaya da shi, masallacinmu ɗaya. Kullum bayan sallar asuba su biyun sukan zauna a benci guda su sha koko, su zagi jam'iyyun juna har rana ta ɗaga, gobe su dawo. Mu yara mun taso muna ɗauka abota kenan. Ina jin kuma ita ce.

Da na shigo layinmu ran nan, sai na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, wasu samari suna kafa kanofi, an jera kujerun roba. Baffa yana zaune a tsakiyar babbar tabarma da farar riga, carbi a hannu, idonsa jawur.

Na durƙusa. "Baffa, lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba ka ji ba? Kai da kullum kanka yana cikin waya?"

"Na ji, Baffa. Ina nufin a gidan nan."

"A gidan nan aka yi rasuwar. Ni aka yi wa."

Na yi ƙoƙarin nuna masa, a hankali, cewa wataƙila mutane za su ga abin wani iri, tunda marigayin ba danginmu ba ne, kuma ba addininmu ɗaya ba. Ya bar ni har na gama duk kewaye-kewayena.

"Furofesa," ya ce. Haka yake kirana in zai yi mini ba'a, tun da na karanto kimiyyar siyasa a jami'a. "Na ce a yi masa salla? Na ce a kawo gawarsa nan? Mutumin da ya sa kafaɗarsa a motata ya mutu. Zan zauna kwana uku. Mai mutunci ya zo ya yi mini gaisuwa. Je ka gaya wa uwarka ta ɗora tukunya."

Mutane kuwa suka zo. A Zongo, unguwarmu, ba a wuce tabarmar makoki ba a tsaya ba, ko ta waye. Wahalar ita ce abin da za a faɗa. Mutum zai durƙusa ya ce, "Baffa, ya haƙuri?" Nan babu matsala. Sai bakinsa ya ɗauko addu'ar da ya saba yi wa mamaci musulmi, ya tuna a tsakiya, ya kama tarin da babu shi, ya ƙare da cewa, "Allah dai ya kyauta." Limaminmu ne ya raba gardama. Ya zo bayan la'asar, ya zauna, ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ba mai wannan tabarma haƙuri, Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Allah ya sa a yi zaɓe a gama ba a fasa kan kowa ba. Aka shafa. Daga nan kowa ya riƙe wannan.

Kafin magariba abin ya koma wani abu dabam. Samarin da ke shan shayin ataya a bakin layi suka juyo da bencinsu suna fuskantar gidanmu. Duk wanda ya zauna a tabarma sai su ce ƙuri'a ta tafi wajen su Baffa. Wanda ya gaisa a tsaye ya wuce, su ce wannan yana nan inda yake. Wani mai gyaran rediyo da kowa ya san ɗan ɗaya jam'iyyar ne ya zauna har ya ci wainar masa guda biyu, nan take aka ce ya sauya sheƙa, matarsa ta zo ta janye shi.

Da na zo wucewa suka tare ni.

"Furofesa, zo ka raba mu. Mutuwar nan za ta ƙara wa jam'iyyarsa ƙuri'a ko ba za ta ƙara ba?"

Na gyara tsayuwa. Na ce tambaya ce mai kyau. Na ce tausayi yakan ja wasu mutane, amma ba kowa ba, kuma ba kullum ba. Na ce a lura marigayin ba ya cikin masu takara, ba hotonsa za a gani a takardar zaɓe ba. Na ce a ɗaya ɓangaren kuma, waɗanda suka yi fushi da jam'iyyar suna iya tunawa da shi su huce. Sai dai kuma tun safe duka ɓangarorin biyu suke yabonsa a rediyo, har waɗanda jiya suke zaginsa, don haka da wuya a ce ga inda tausayin zai zuba. A taƙaice, na ce, ya danganta.

Mai zuba shayin ya dube ni, butar tana sama. "Chale, abokina, duk shekarun da ka yi a jami'a, wannan 'ya danganta' ɗin ka je ka koyo? Ai da ka zauna nan mun koya maka kyauta."

Alhaji bai zo ba a ranar farko. Washegari da asuba ma ba a gan shi ya bi ta layin ba, sai ga shi a masallaci ta ƙofar baya, ƙasan wandonsa jiƙe. Ashe zagayawa ya yi ta bayan gidaje, ya tsallaka babbar kwata, dattijo mai ciwon gwiwa, don kada ya wuce tabarma. Da aka sallame ya fice ta inda ya shigo. Benci ya zauna babu kowa, mai koko tana ta leƙe.

Baffa ya ga komai. Da hantsi, gaban mutane, ya ce, "Ku shaida. In mutumin nan bai zo ya yi mini gaisuwa ba, ƙafata ba za ta taka gidansa ba. Ba da goro ba, ba da komai ba."

Sannan ya ƙwala wa Inna kira, ya ce baƙi sun yi yawa, a fito da goro. Inna ta ce babu goro a gidan sai na yaron nan. Ya ce shi ne goron. Ina tsaye ina kallo aka fito da kwandon aurena, aka buɗe ganyen, aka fara zagayawa da shi a faranti. Wani tsoho ya ɓare fari guda, ya tauna, ya ce kai, wannan goro kamar na neman aure. Na ce masa na gode.

Ban koma makaranta ba ran nan. Na hau mota zuwa Kejetia, na ratsa masu dako da masu tura kura har shagon Alhaji. Yana zaune a kan buhun shinkafa, rediyo a kunne. Na cire takalmi a bakin shagon, na durƙusa, na gaishe shi har gaisuwa ta ƙare, na sake ɗauko wata.

"Ɗana, faɗi abin da ya kawo ka. Ko in faɗa maka?"

"Baba Alhaji, dama cewa na yi, in da hali, ko da a tsaye ne..."

"A tsaye? Ka ga abin da suka yi wa mai gyaran rediyo? Shi da ba kowa ba. Ni fa? In na zauna a tabarmar nan, kafin in tashi an kai labari har unguwar Asokore Mampong cewa Alhaji ya tuba. Saura makonni a yi zaɓe in ba su kyautar kaina?" Ya rage rediyon. "Kai ne mai karatu. Gaya mini gaskiya. Mutuwar nan za ta ja musu mutane?"

Na ba shi amsar da na ba samarin ataya, har na ƙara gyara ta, don na kwana ina tunanin inda na yi gaggawa. Yana saurare yana kaɗa ƙafa. Da na kai ƙarshe ya ce, "Wato ba ka sani ba."

"Ba wai ban sani ba ne gaba ɗaya, Baba Alhaji..."

"Allah ya yi maka albarka. Ka gaida Innarka."

Ina fita daga kasuwa wayata ta yi ƙara. 'Yar Alhaji ce, wadda ake wannan wahala dominta. Ungozoma ce a wani asibiti, kuma aikinta ya koya mata magana a gajarce.

"An ce ana rabon gorona a layi."

"Ba duka ba. Ina jin akwai saura. Wataƙila fiye da rabi, ko kuma..."

"Me ka gaya wa Baba?"

Na fara maimaita mata. Ta katse ni.

"Ka saurare ni. In mace tana naƙuda ta tambaye ni ko za ta haihu lafiya, ban san gaibu ba, amma ba na tsayawa in karanta mata duk abin da zai iya faruwa. Ina gaya mata abu ɗaya da za ta yi yanzu. A cikin duk karatun nan naka babu abu ɗaya da ka yarda da shi?"

"Akwai, amma da sharaɗi."

"Ka bar sharaɗin a bakin shago tare da takalminka. Koma."

Na tsaya a gefen masu sayar da albasa na yi tunani sosai, don ba na son in faɗi abin da ban yarda da shi ba, ko da a kan aure ne. Da na tace, sai na ga akwai abu ɗaya. A iya sanina, a layinmu ban taɓa ganin wanda ya canza jam'iyya don wani ya mutu ba. Kowa da inda kakansa ya ajiye shi. Abin da ke canzawa shi ne wa zai fito ranar zaɓe ya bi layi cikin rana, wa zai kwanta a ɗaki. Kuma abin da na lura yana fito da mutanenmu daga ɗaki, fiye da tausayi, shi ne a ce an raina su.

Na koma na durƙusa. Na ce, "Baba Alhaji, tausayi ba zai ɗauke muku mutum ko ɗaya a Zongo ba. Amma in aka ce mutanenku ba sa gaisuwar mutuwa, duk wani na su Baffa da ya yi niyyar barci ranar zaɓe zai fito don haushi."

Sharuɗɗa kusan huɗu suka taso mini a maƙogwaro. Na haɗiye su. Alhaji ya kashe rediyon gaba ɗaya, ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

"Wato rashin zuwana kamfen ne nake yi musu."

"Yana iya... E. Haka ne."

"Tashi ka tafi. Gobe ne na uku ko?"

Na koma gida da sauƙin zuciya. Abin da na zata shi ne zai zo shi kaɗai da sassafe, ya gaisa, ya tafi. Ban yi la'akari da cewa Alhaji ɗan kasuwa ba ne, in ya ga abu yana da riba ba ya sayen kaɗan.

Ranar uku Inna ta dafa waakye, wato shinkafa da wake, babbar tukunya, da taliya da gari da ƙwai, don sadaka. Liman ya zo, 'yan jam'iyyar su Baffa sun zazzauna. Ana shirin addu'a sai muka ji layi ya yi tsit. Alhaji ne tafe da babbar riga, ya naɗa gyalen jam'iyyarsa a wuya. Bayansa maza da mata, ban ƙirga ba amma sun fi waɗanda ke zaune, kowa ya ɗora rigar jam'iyya mai hoton ɗan takara a kan kaftani ko atamfa. Har motar lasifika suka zo da ita, suka ajiye a bakin layi. Ba su kunna ba, saboda girmama mamaci.

Alhaji ya cire takalmi, ya taka tabarma, ya zauna gwiwa da gwiwa da Baffa.

"Direba, ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji Baffa, yana kallon gyalen.

"Mutuwa ta kowa ce. Mutumin nan ka san abin da ke tsakanina da shi. To, gaban jama'a, sabuluna na yafe."

Aka yi kabbara. Baffa bai yi ba. Ya ce, "Madarar fa?"

"Madarar ina kan tunani."

Liman ya yi maza ya ɗaga hannu. Aka yi addu'a, aka shafa, aka fito da abinci. Mutanen Alhaji sun zo da yunwa ta gaskiya. Suka cika kujeru, suka cika tabarmi, na su Baffa suka koma tsaye a jikin bango da faranti babu komai. Kafin azahar ana kankare ƙasan tukunya. Faranti na goro ya zagaya sau biyu, na uku Inna ta fito da kanta ta karɓe shi daga hannun mai rabo.

Da yamma hoton ya fito. Wani ya ɗauka da waya: Baffa a tsakiya da farar riga da carbi, hagu da dama da baya duk rigunan ɗaya jam'iyyar, Alhaji ya dafa kafaɗarsa. Samarin ataya suka yanke hukunci cewa tunda zama a tabarma ɗaya shi ne sauya sheƙa, kuma masu rigar sun fi yawa, to Baffa ne ya koma wajen su Alhaji. Kafin magariba shugaban jam'iyyar su Baffa na unguwa ya bugo wa Baffa waya yana tambaya ko an yi masa wani laifi ne. Wata ƙanwar Baffa ta bugo daga Asokore Mampong tana kuka.

Ban taɓa ganin Baffa haka ba. Ya tsaya a tsakar gida yana nuna ni da carbi.

"Wa ya ba Alhaji wannan shawara? Kansa ba ya kawo irin wannan. Wannan aikin mai digiri ne."

Na ce ni ne, amma ba haka na nufa ba, kuma in aka duba ta wani ɓangare, sharaɗin da ya gindaya ya cika, tunda Alhaji ya zo.

"Wannan gaisuwa ce? Kamfen ya zo yi a kan gawar mutumina, ya cinye mini shinkafa! Ni za a ce na bar jam'iyya? Ni? Ka nemi wanda zai kai maka goro. Ka kai wa masu ataya su kai maka."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Na fara tsara yadda zan gaya wa 'yar Alhaji, na ga kowace hanya na bi sai ta kashe wayar kafin in kai ƙarshe.

Inna ce ta fita wajensa washegari da safe, ana naɗe kanofi. Ba ta ɗaga murya ba. Ina jin su ta taga.

"Yaya, yaushe za ka fara zagayen godiya?"

"Wace godiya?"

"Ta makoki mana. A garin nan wanda aka yi wa rasuwa, in an tashi daga zama, ai yakan bi gida-gida ya gode wa waɗanda suka zo. Haka ka yi lokacin ƙaninka. Ko Asantawan da ke bayanmu haka suke yi." Ta ɗan tsaya. "Sai dai in dama ba rasuwa aka yi maka ba, siyasa ce. In haka ne sai in gaya wa mutane kada su jira ka."

Sai Baffa ya ce a kawo masa hularsa.

Ni aka sa in bi shi. Inna ta miƙo mini wani kwano da ta ɗaure da sabon ɗankwali, ta ce in riƙe da kyau, kada in buɗe, kada in yi magana. Na ce ko ya kamata Baffa ya san abin da ke ciki. Ta ce, "Na ce kada ka yi magana."

Muka fara daga gidan liman, muka bi layi. Kowane gida Baffa ya gode, ya kuma ƙara da cewa yana nan a jam'iyyarsa. Da muka zo ƙofar Alhaji ya tsaya, ya gyara hula, ya ce daga nan zai yi sallama ya juya. Amma an riga an shimfiɗa darduma a falo, an ajiye ruwa a kofi, Alhaji yana zaune da ƙannensa biyu kamar masu jiran baƙi. Wa ya gaya musu muna tafe, ban bincika ba. Ba a ba mutum ruwa ya sha a tsaye a bakin ƙofa, dole Baffa ya shiga.

Alhaji ya bar shi ya sha, sannan ya tambaye shi abin da ke tafe da shi, yadda ake yi a Kumasi ko an san dalilin zuwan.

"Godiya na zo yi," in ji Baffa, yana kallon bango. "An zo, an ci, an ƙoshi. Allah ya ba da lada."

"Amin. Na ji ana cewa ka dawo wajenmu."

Baffa ya yunƙura zai tashi. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Zauna, Direba. Jiya mutanenmu suka zo mini da murna. Na ce musu ku rufa wa kanku asiri. Mutumin nan ko shi kaɗai ya rage a jam'iyyarsu, zai je ya bi layi ya dangwala musu. Kansa ya fi tayar motarsa tauri. Ko ya zo da ƙafarsa ba ma so, ɓata mana jam'iyya zai yi."

Na ga fuskar Baffa tana saki a hankali, kamar an yi masa kirari.

"Haka ka ce musu?"

"Haka na ce."

"Za ka maimaita a masallaci?"

"Bayan sallar Juma'a, in kana so da lasifika."

"Ka ce ko ni kaɗai na rage."

"Zan ce."

Baffa ya jawo kofin ya ƙarasa ruwan. Alhaji ya nuna ni da haɓa. "Kwanon da ke hannun ɗanka fa? Ko shi ma godiya ce?"

Baffa ya juyo ya dubi kwanon, ya dubi ɗankwalin, ya gane aikin Inna ne. Ya karɓa ya kwance. Goron bai kai yadda aka sayo shi ba, ko kusa, amma Inna ta zaɓi ƙaramin kwano, ta cika ƙasan da ganye, ta jera farare a sama, sai ya yi tozo kamar an yi almubazzaranci.

"Kai," Baffa ya ce mini, "me kake yi a nan? Ana maganar manya kana zaune kamar kai za a aura? Fita."

Na fita na tsaya a jikin bango, cikin rana, ban san inda zan sa hannuwana ba. Ta taga ina jin muryoyi. Da farko ƙasa-ƙasa. Sannan suka hau sama, na ji ana gardama a kan wace gwamnati ce ta fara titin Asokore Mampong, wace ce ta bar shi. Na ji Baffa ya ce ƙarya ne. Na ji Alhaji ya ce a tambayi kowa. Ina tunanin ko in shiga in ce dukansu suna da gaskiya ta wani fanni, sai na tuna Inna, na tsaya inda nake.

Can sai na ji muryar ƙanin Alhaji tana jan fatiha, sauran suna amsawa.

Baffa ya fito yana taunar goro, kwanon babu komai a hannunsa. Ya miƙo mini shi ba tare da ya dube ni ba, muka kama hanya.

"Sun ba ka," ya ce. "Biki sai bayan zaɓe. Mun yi da shi duk wanda jam'iyyarsa ta faɗi, a kawo masa abinci ya fara ci, kada baƙin ciki ya kashe shi." Ya tofar da ɓawon goro. "Ka gaya wa uwarka ta dafa wanda Alhaji yake so, shi zai fara ci. Da ɗan taushi, haƙoransa ba su da ƙarfi."